Mai Yanka Taya Ya Fi Mai Walda Gaskiya

Tsakanin faifan haƙora da sarƙa ke ja da cibiyar ƙafar baya ta babur, akwai wasu guntayen roba da ba a ganinsu sai an kwance ƙafar. Injin Boxer silinda ɗaya gare shi, kuma sau ɗaya wuta ke tashi a cikinsa a duk juyi 2, don haka ƙarfinsa a fizge yake zuwa. Robobin nan su ke shanye fizgar kafin ta dira kan haƙoran giya.

A ƙasar Funtua da Malumfashi ba sa daɗewa. Babur da aka ƙera don mutum biyu shi ake labta wa buhunan masara zuwa kasuwar Dandume da kaka, da rani kuma kwandunan tumatirin Danja, bisa hanyar burji mai ramuka. Roba ta marmashe, faifai ya fara wasa, a riƙa jin ƙwas duk sanda aka saki kuloci.

A nan bakanikai suka rabu biyu. Wani zai ɗauko tsohuwar tayar mota, ya yanko gefenta inda babu waya, ya sassaƙe daidai ramukan cibiyar, ya cusa da ruwan sabulu, domin ya san man inji cin roba yake yi. Shi ake yi wa dariya, wai aikin talauci. Ɗayan kuwa sai ya cika gurbin da ƙarfe, ya bi da walda, ƙara ta ɗauke, mai babur ya biya har da godiya.

Wannan godiya ba ta da gurbi. Fizgar tana nan, walda ta sauya mata masauki ne kawai. Sarƙa za ta miƙe kafin lokacinta, haƙora su lanƙwashe, daga bisani ciwon ya shiga cikin giya, inda gyara sai an buɗe inji. Mai yanka taya kuwa ya gane abin da maƙerin babur ya nufa, ya kuma cika shi da abin da ke yashe a bola. Aibinsa guda ne idan ya yi gaggawa: yankan da bai kama ram ba, banza ne.

Sarƙa kuma ba a gindin bishiyar bakanike take tsinkewa ba. A tsakiyar daji take yi, da kaya a baya, magariba ta kawo jiki, a yankin da kowa ke son ya kai gida kafin duhu.