Ladi da Kande Ba Sunayen Jahiliyya Ba Ne: Raddi ga Mai Kiran a Binne Su

 

Wata maƙala tana ta zagawa a hannun mutane, inda wani malami da nake girmama iliminsa ya yi kira ga iyaye su daina kiran 'ya'yansu mata da Ladi, Talatu, Jummai, Kande, Kyauta da ire-irensu. Ya ce ragowar maguzanci ne, ya ce shari'a sunan Larabci ta sani, ya ce ba su da wata ma'ana ta kirki, sannan ya ce suna jawo wa yarinya raini, kuma suna gama ta da waɗanda ba Musulmi ba. Ban yi shakkar kyawun niyyarsa ba. Amma maganar ta taɓa iyayenmu mata da kakanninmu, don haka ya wajaba a bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, zancen maguzanci. Malam, Allah Ya gafarta maka, daga ina Ladi ta fito? Daga Lahadi. Altine daga Litinin, Talatu daga Talata, Balaraba da Larai daga Laraba, Lami daga Alhamis, Jummai daga Juma'a, Asabe daga Asabar. Duk ranakun nan bakwai da Larabci muke kiransu, harshenmu ne kawai ya tausasa su. Sunan da aka ciro daga kalmar Larabci ba zai girmi shigowar Larabci ƙasar Hausa ba, kuma malamai da fatake Musulmi ne suka kawo mana shi, irin Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Azumi kuwa wadda aka haifa cikin Ramadan ce, Tasalla ranar idi, Hassana da Usaina an ɗauko su daga jikokin Manzon Allah. Wane tsafi ne ya san Ramadan? Larabawa ma har gobe suna sa wa 'ya'yansu Khamis da Juma'a da Rajab da Sha'aban, ba mu ji an kafirta al'adar ba.

Akwai kuma abin da maƙalar ta tsallake gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida da hantsin ranar suna ya ga yadda ake yi. An shimfiɗa tabarmi, ana raba goro da dabino, rago yana ɗaure a gefe. Uba ya matso ya raɗa wa liman suna a kunne, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an samu Hauwa'u. Wannan shi ne sunan yanka. Can cikin gida kuwa, da labari ya isa, matan sun san Hauwa'u sunan mahaifiyar maigida ne, kuma babu surukar da za ta buɗe baki ta kira shi gatsau. Nan take sai yarinya ta zama Uwani, ko Ummi, ko a duba ranar da ta faɗo a ce Jummai. Alkunya ce ta haifi yawancin laƙubban nan. A gidan Musulmi da wuya ka sami Ladin da ba ta da sunan yanka, sai dai in ba ka tambaya ba.

Ta biyu ita ce ginshiƙin maƙalar, wai dole sunan Musulma ya zama na Larabci. Muna roƙon Malam ya kawo aya ko hadisi ingantacce da ya ce haka. Abin da ya tabbata shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja wasu sunaye, kuma dalilin canjin a fili yake. 'Yar Sayyidina Umar sunanta na farko yana nufin mai saɓo, sai ya mayar da ita Jamila. Uwar Muminai Juwairiyya da Zainab 'yar Abu Salama duk Barra ake ce musu, ya canja musu, na Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai da tsarkake kai. Muslim ne ya ruwaito waɗannan. Kowanne daga cikinsu tsantsar Larabci ne, amma Larabcin bai tserar da shi ba, domin ma'ana ake dubawa.

Ta ɗaya ɓangaren, Mariyatul Ƙibɗiyya ta zo daga Masar da sunanta na can, ta shiga gidan Annabi, ta haifa masa ɗa, ba a canja mata suna ba. Shi ɗan kuma aka sa masa Ibrahim, sunan da duk ɗalibin nahawu ya san malamai suna lissafa shi cikin sunayen ajami, tare da Isma'ilu da Ishaƙa. Maryam, mace ɗaya tak da Alƙur'ani ya ambaci sunanta, har sura ta 19 take ɗauke da shi, sunanta daga harshen Bani Isra'ila yake. Haka Saratu. Bilkisu da Zulaiha, waɗanda Malam ya sa cikin jerin zaɓinsa, ba su zo da suna a Alƙur'ani ba, daga littattafan tafsiri da ƙissoshi muka same su. Bukhari ma ya ruwaito cewa Annabi ya tufatar da ƙaramar yarinya Ummu Khalid, wadda aka haifa a Habasha, ya yaba kyan rigar da kalmar Habashanci don ya faranta mata. Wanda ya yi wa yarinya magana da harshen ƙasar haihuwarta, yaya za a jingina masa ƙyamar harsunan mutane?

Mu dawo gida. Ba a yi wanda ya yaƙi bidi'a a ƙasar nan kamar Shehu Usmanu ba, mai Ihya'us Sunna. Fodiyo da ake danganta shi da shi kalmar Fulatanci ce. Ɗansa da ya gaje shi Muhammadu Bello ne, Bello kuwa Fulatanci ne, mahaifiyar Bello Hauwa'u an fi saninta da Inna Garka. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, mijinta Waziri Usmanu duniya ta san shi da Giɗaɗo. Da laƙabi da harshen gida saɓo ne, da a wannan gida aka fara hana shi.

Ta uku, wai sunayen ba su da ma'ana mai daraja. A nan ne na fi mamaki, domin Malam ya fi ni sanin lugga. Khadija a asalin Larabci ita ce wadda aka haifa kafin cikar watanninta, wato bakwaini. Faɗima daga yaye take. Rabi'a tana nufin ta huɗu, kuma masu tarihi sun ce Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta sami sunan ne don ita ce ta huɗu cikin 'ya'yan mahaifinta mata. Ashe Balarabe ma yana duba yanayin haihuwa ya sa suna, kamar yadda Bahaushe yake ce wa macen da ta biyo bayan maza Kande ko Delu, wadda ta biyo tagwaye Gambo, ta ƙarshe Auta, wadda ta zo ana tsakiyar ruwa Marka. Darajar Khadija da Faɗima daga matan da suka ɗauki sunayen ta zo, shi ya sa muke neman albarkarsu, muka mayar da su Hadiza da Dije da Binta don tsabar sabo da ƙauna. Sannan Malam ya yaba Hiba ya kushe Kyauta, alhali abu ɗaya suke faɗa. Matar da ta shekara goma tana jiran haihuwa, ta samu, ta ce Kyauta, tauhidi ta furta da harshen da take kuka da shi.

Wuri ɗaya na yarda da Malam. Sunayen wabi irin Ajuji da Ayashe, da ake sa wa yarinya bayan yayyenta sun yi ta rasuwa don a nuna kamar ba a damu da ita ba, ma'anarsu ba ta da kyau, kuma in an ƙudurce cewa sunan ne zai kare ta daga mutuwa, aƙida ta taɓu. A bar su, bisa ƙa'idar da ta sa aka canja sunan 'yar Umar. Sai dai ko cikin wannan rukuni akwai Barmani, wanda roƙo ne ga Mai bayarwa Ya bar mata wannan, kuma ban ga abin zargi a bakin uwar da ta binne 'ya'ya uku ta faɗi haka ba.

Ta huɗu gajeriya ce. In tarayya da Kirista tana ɓata suna, to Maryamu da Saratu da Hannatu sun fi Asabe shiga coci. Yaɗuwar Ladi da Talatu cikin ƙabilun Arewa, da Lariba da Asibi a arewacin Gana, shaida ce ta nisan da fataken Hausa suka kai harshensu da lissafin kwanakinsu. Raini kuwa mu ne muke koya wa yara shi, da irin wannan maƙala. Hajiya Gambo Sawaba sunan yankanta Hajaratu, amma da Gambo ta shiga kurkuku sau da dama saboda NEPU da 'yancin mata, da shi kuma tarihi ya riƙe ta. Sa'adatu ta Funtuwa da Barmani Coge ta cika gidajen biki har rasuwarta a 2013. Balaraba Ramat Yakubu da sunan ranar Laraba take sa hannu a littattafanta. Ladi Kwali kuma, maginiyar tukwane, hotonta ne a bayan takardar naira 20 da Malam yake ba mai shayi kowace safiya.