Wa Ya Ɗaure Harshen Yaron?

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya a Abuja cikin Nuwamban 2025 ya soke koyarwa da harshen uwa, wasu 'yan bokonmu suke ta tafi. Wai Turanci zalla tun daga rabin aji shi ne maganin faɗuwa WAEC da JAMB. Madalla! Wato tsarin harshen uwan da aka fito da shi a 2022 ne ya kayar da yaran da a lokacin sun riga sun shiga sakandare. Jaririn da bai fara rarrafe ba ake tuhuma da satar akuya.

Abin da ya fi ba ni takaici, masu tafin nan su ne dai masu kukan cewa ɗan Arewa ba ya yarda da kansa. Su kama zauren otal, su karɓi kuɗin shiga, su ce wa saurayi ya tsaya gaban madubi kullum da safe ya ce shi zaki ne. To wa ya mayar da shi kyanwa?

Ni na sani. Ina aji huɗu, monita yana da takardar da yake rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", kowane suna bulala uku. Ranar da malam ya ɗora lissafi a allo, amsar tana bakina, ashirin da bakwai, amma ina tsoron in buɗe baki Turancin ya karye aji ya kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai. Yarinyar da ke bencin gabana kuwa, da yamma a bakin tasha take sayar da gyaɗa, ta ba mutum biyar canji a tare ba ta kuskure ko sisi, ta kuma yi wa kwandasta tatas in ya nemi raina ta. A aji ko tarinta ba a ji. A takardar sakamako aka rubuta mata wai tana da kunya.

Masu tafin za su ce ai jarrabawa da Turanci ake yi. Mun ji. Su je su tambayi Ife, inda Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a 1970, aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba.

Amma me zan ce da mutanen da ko a wurin raɗin suna sai sun gaisa da Turanci? Wani a cikinsu ya taɓa yi mini alfahari cewa 'ya'yansa ba sa jin Hausa. Na ga yaran ranar Sallah a gaban kakarsu, tana ta jan su da wasan jika, suna ta kallon uban ya fassara.