Filin Mace Da Mota: In Mota Ta Ɗau Zafi A Tsaye

Yau zancenmu a kan motar da ke tafiya lafiya lau, amma da an shiga gosulo sai allurar zafi ta doshi ja. Ko ta Baba ce, ko ta Yaya, ko taki ta gidan aure, ki riƙe wannan.

Ƙanwata, kar ki ruɗe, kunna hita, duk da mu sai da hunturu muke tuna ta. Hita ɗan ƙaramin lagireto ce a bayan dashbod, ruwan inji ke ɗumama ta. In ta huro zafi, ruwa na zagawa, sai a duba fanka da fiyus ɗinta. In kuwa sanyi ta huro alhali inji na tafasa, to ruwa ba ya isa gare ta: ko ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a tiyo, ko famfon ruwa ya gaji. A tsaye famfon a hankali yake juyawa, shi ya sa nan asirinsa ke tonuwa.

Ki gangara gefe ki kashe motar. Don Allah kar ki buɗe murfin lagireto sai bayan kamar minti 30, ruwan ya haura digiri 100, a fuska zai fallatso miki. In kika ci gaba da matsa mata, gaskit zai ƙone, ƙaramin gyara ya koma buɗe inji.

Ki gaya wa bakanike abin da hita ta nuna, zai san ba a makance kika zo ba.

Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Anti.