Layya Ce Ko Gasar Ƙaho?

Yau na ɗan jingine labari, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kowa ne zai ji daɗinta ba. Maganar kuwa ita ce goman farko na watan Zulhijja, kwanakin da ya tabbata a hadisi cewa aikin alheri a cikinsu ya fi soyuwa a wurin Allah, yadda muka mayar da su kwanakin ciniki da zaryar shagon tela da leƙen turken maƙwabci.

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san abin da Alhamis take nufi a Maigatari, balle Alhamis ɗin da ta rage kafin Babbar Sallah. Ga raguna nan daga Dungas da Magarya da Damagaram, balami da uda da 'yan ƙasa, ga tireloli sun yi layi za su kwasa zuwa Legas da Fatakwal. Ni ba na faɗa da kasuwa, neman halal ibada ne, kuma da ita dubban gidaje suke ɗora tukunya. Wanda nake faɗa da shi shi ne magidancin da zai shiga kara tun hantsi, a kira azahar yana taya rago, a kira la'asar yana jayayya da dillali a kan la'ada, sai rana ta yi ja ya zo ya haɗa su ya yi musu caccakar kaza. Wai kuma duk wannan wahala ta neman dabbar da zai kusanci Allah da ita ce! To malam, farillar da ka tsallake fa, wa ya ɗora maka ita?

Mun ga yadda aka yi ta kuka lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan a 2025 hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi ana gab da sallah. Kowane karo rago ya yi tsada, majalisa ta ɗauka, ka ce addinin ne aka garƙame da kwaɗo. Amma ban taɓa jin an yi zaman jimami a wata majalisa don sahun asuba ya ragu a waɗannan kwanaki ba.

Abin takaicin ma shi ne hukuncin a bayyane yake, yana cikin littattafan da muka karanta a zaure. A mazhabar Malikiyya da muke bi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wanda kuɗinta ba zai taɓa abin buƙatarsa ba. Ba dole ba ne ka ci bashi. A 2024 an yi sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato daidai faɗuwar damina, lokacin da manomin Gagarawa da na Sule Tankarkar yake neman iri da taki. Amma sai ka ga mutum ya karkatar da kuɗin taki, ko ya sayar da ɗan riɗin da ya ɓoye, don kada a ce bana gidan wane ba a yanka ba. Su waye masu cewar? Ranar da rumbu ya ƙare a tsakiyar Agusta, ko mudu ɗaya ba za su kawo maka ba.

Masu kuɗin kuma nasu salon daban ne. A ɗaure bijimi a ƙofar gida, ba a cikin gida ba, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Da za su tambaya, da an gaya musu cewa a wurin Malikawa rago ya fi sa falala a layya, ya ma fi raƙumi. Aya ta 37 a Suratul Hajji kuma ta riga ta raba gardama, abin da ake dubawa tsoron Allah ne, nama da jini a nan ƙasa suke tsayawa. Girman ƙaho dai mutanen unguwa yake burgewa.

Ranar 9 ga wata, ranar Arfa, azuminta yana kankare zunubin shekara biyu ga wanda bai je Hajji ba. Je ka duba inda jama'a suke a ranar. Maza suna shagon tela ana zage-zage a kan shadda, telan kansa ya kwana uku bai runtsa ba, balle a yi zancen jam'i. Mata suna layin kitso da lalle. Shagon aski kuwa ba masaka tsinke, alhali an so mai niyyar layya ya bar gashinsa da farcensa har sai ya yanka.

Kada maza su yi saurin nuna mata da yatsa. Wa ya jibge musu nama ya fice yawon sallah? Mace ta wuni a gaban murhu tana wankin hanji, tana suya, hayaƙi ya cika mata ido, ga baƙin maigida ana ta sallama a kai musu abinci. In ta haɗa azahar da la'asar, kai maigida kana da kaso a ciki. Wanda ya iya sayen ragon dubu ɗari uku ba zai gaza biyan mai taya ta aiki ba.

Na san abin da za a ce mini: haba, sallah ai ranar farin ciki ce, har azumi an hana a cikinta, a bar mutane su sha iska. Gaskiya ne, a ci a sha a sa sabon kaya, a fita kallon hawan Mai Martaba Sarkin Gumel, a kai wa dangi ziyara. Sai dai wanda ya halatta cin shi ne ya haɗa shi da ambatonSa, mu kuma muka ɗauki ɗaya muka yar da ɗaya.

Wannan ciwo ba mu kaɗai yake damu ba. A watan Disamba kasuwar Maigatari takan sake cika da fatake masu lodin shanu da awaki zuwa kudu saboda Kirsimeti, kuma maƙwabtanmu Kirista, masu shagunan kayan gyara da na magani da muke hulɗa da su kullum, za su gaya maka limamansu na coci suna irin wannan faɗan: an shagala da ɗinki da shinkafa da kuɗin motar tafiya gida, an manta da wanda ake bikin dominsa.

Akwai kabbarori da ake yi bayan kowace farilla, daga azahar ɗin ranar sallah har zuwa asubar ranar 13 ga wata, salloli 15 ke nan. Mai ganin na yi zafi, ya daure ya je masallacin unguwarsu a wannan asuba ta ƙarshe, ya ƙirga mutanen da ke sahu, sannan in gari ya waye ya zagaya ya ƙirga fatun da aka shanya a layin.