Da Wane Suna Za Mu Kira Abin da Ya Faɗo a Zagami?

A wani zangon gwajin koyarwa, na je duba ɗaya daga cikin ɗalibaina a wata makarantar firamare da ke Na'ibawa, bayan kasuwar 'yan katako. Darasin ranar na auna fahimta ne a aji biyar, kuma labarin da ake karantawa ya ambaci tauraro mai wutsiya. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, shi ne wanda yake yankewa da daddare ya faɗo, a ce wani babban mutum ya mutu?" Ɗalibin nawa ya yi jim, sannan ya ce mata e, shi ne, amma maganar mutuwa camfi ce, ta daina faɗa. Aji ya yi dariya, yarinya ta sunkuyar da kai, aka ci gaba da karatu.

A cikin wannan gajeriyar amsa an yi ɓarna biyu. An ba yarinya bayanin da ba daidai ba, domin abin da take gani yana yankewa daban yake da tauraro mai wutsiya. An kuma koya mata cewa abin da ta zo da shi daga gida abin kunya ne. Ban ga laifin ɗalibina sosai ba. Mu da muka koyar da shi ba mu taɓa zama mun rarrabe masa waɗannan abubuwa da Hausa ba, mun ɗauka aikin malamin kimiyya ne. A nawa ra'ayin, wannan aiki ne na harshe tun kafin ya zama na kimiyya, saboda haka malamin Hausa ba shi da hanyar zamewa daga gare shi.

Bahaushe ba baƙon kallon sama ba ne. Ya san Zara, har ya aurar da ita ga wata. Ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Kaza da 'Ya'yanta. Malaman zaure sun rubuta waƙoƙin taurari da hisabi da ajami, manoma na lissafin damina da su, kuma daga Larabci muka sami Zuhura da Mirriku da Mushtari da Zuhalu. Sai dai kalmar "tauraro" ta yi wa harshen yawan aiki. Duk abin da ya haskaka a sama da dare, in ba wata ba ne, tauraro ne a wurinmu. Ga mai hira a dandali wannan ya isa. Ga yaron da ake so ya fahimci yadda abubuwan suke, bai isa ba, domin abubuwa huɗu mabambanta ne suka taru a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma babu tauraro na ainihi ko ɗaya a cikinsu. Tauraro na ainihi irin rana ne, yana ƙera haskensa da kansa, kuma ya fi duniyarmu girma nesa ba kusa ba. Ba ya yankewa, ba ya faɗowa a gonar kowa.

Na farko shi ne tauraro mai wutsiya, wanda Turawa ke kira kwamet. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da tsakuwa, yawanci faɗinsa 'yan kilomitoci, yana kewaya rana ta doguwar hanya. Idan ya kusanto ta, zafi ya sa ƙanƙarar ta zama tururi, sai iskar da ke fitowa daga rana da matsin haskenta su tura tururin da ƙurar gefe guda. Wutsiyar ke nan. Shi ya sa kullum wutsiyar take juya wa rana baya, ko da kuwa tauraron yana kan hanyarsa ta komawa, wato a lokacin wutsiyar ce a gaba. Muhimmin abin da yaro zai riƙe shi ne, ba ya gilmawa da gudu. Yakan yi kwanaki ko makonni ana ganinsa kamar a tsaye. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna wanda ya daɗe a sama a 1997, mai suna Hale-Bopp, kuma a Oktoban 2024 an ga wani a yamma bayan magariba. Mafi shahara shi ne na Halley, mai dawowa bayan kimanin shekara 76: ya zo a 1910, ya zo a 1986, ana sa ransa a 2061. Yaran da kuke shirin koyarwa, in Allah ya ba su rai, za su gan shi suna magidanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa aji ya yi tsit.

Na biyu duwatsu ne da ƙarafa masu kewaya rana, mafi yawansu a tsakanin Mirriku da Mushtari. Babbansu, Ceres, wanda aka gano a 1801, faɗinsa kusan kilomita 940 ne, ƙananan kuwa ba su wuce girman ɗaki ba. Bahaushe ba shi da suna gare su, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kusan dukkansu ba a ganinsu sai da madubin hangen nesa. Ni a ajina ina kiransu duwatsun falaki.

Na uku shi ne abin da yarinyar nan ta tambaya, yankewar tauraro. Wannan haske ne kawai. Ƙwayar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ba, take shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, sai ta yi zafi ta ƙone tun tana kimanin kilomita 80 zuwa 120 a sama. Na huɗu kuwa shi ne wanda girmansa ya sa bai ƙone duka ba, ragowarsa ta iso ƙasa har aka ɗauke ta da hannu. Shi nake kira dutsen sama. A kula, ba shi ne gatarin aradu ba. Na sha jin ɗalibai suna haɗa su, alhali dutsen sama ba ruwansa da hadari ko tsawa ta damina.

Ban ce sunayen da na zaɓa su ne daidai ba. Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi aikin taro ne, kamar yadda aka yi wa nahawu da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Amma malamin da ke gaban yara sittin gobe da safe ba zai jira taron masana ba. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya ba kowane abu suna guda, ya tsaya a kansa, kada yau ya ce wannan gobe ya ce wancan. Sunan tauraro mai wutsiya kuwa a bar shi yadda yake. Ya riga ya zauna a bakin jama'a, ya kuma siffanta abin da ido ke gani. Bayani ne zai gyara shi, ba sauya suna ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke koyar da batun kamar labarin wata ƙasa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, a Zagami cikin ƙasar Faskari ta lardin Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai tsanani, dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kusan kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Shekaru bayan haka masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, suka tarar ta dace da iskar duniyar Mirriku wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Wato wani abu ne ya daki Mirriku kimanin shekara miliyan uku da suka wuce, ɓallin ya yi ta yawo a sarari har ya sauka a gonar Bakatsine. An yanyanka shi, gutsattsarinsa sun watsu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama, har an maƙala ɗan ƙanƙanin ɓarɓashinsa a kumbon da aka harba zuwa Mirriku a 1996. Duk masanin wannan fanni a Jamus ko Japan ya san kalmar Zagami. Na sha tambayar ɗalibaina, har da 'yan jihar Katsina, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa ji. Ba shi kaɗai ba ne ma: wani ya faɗo a Mayo Belwa a 1974, wani a ƙasar Gujba a 1984.

Rashin sanin yana da tsada. A Nuwamban 2023 aka tsinci dutsen Mirriku mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas na Nijar, mafi girman irinsa da aka taɓa samu. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5.3, sannan ne gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda ya fita daga ƙasar. A kwatanta wannan da abin da ya faru a Sudan a 2008, inda aka hango wani ƙaramin dutsen falaki kwana ɗaya kafin ya tarwatse a saman hamadar Nubiya, ɗaliban Jami'ar Khartum suka yi sahu suka bi rairayi suna tsintar gutsattsarinsa don bincike. Ɗaliban sun san abin da suke nema, shi ya sa suka gane shi da suka gan shi.

To, yaya za a yi da abin da yaro ya zo da shi daga gida? Sai an bambance abubuwa biyu. Zancen cewa yankewar tauraro alamar mutuwar babban mutum ce, malami na iya warware shi ba tare da izgili ba. Ya tambayi yara: a daren da aka ga guda talatin sun yanke, sarakuna talatin ne suka rasu? Yana iya tuna musu cewa da rana ta yi husufi ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), mutane suka danganta abin da rasuwar, shi da kansa ya gyara musu. Amma idan yaro ya ce a Islamiyya an faɗa musu ana jifan shaiɗanu da su, wannan magana ce da ta zo a Alƙur'ani, a surori irin su Mulk da Saffat da Jinn. Ba aikin malamin Hausa ba ne ya yi musu da ita, ba kuma aikinsa ba ne ya zama mai tafsiri. Ya ce wa yaro darasinmu ya tsaya ne a kan abin da ido ke gani da abin da awo ya nuna, sauran kuma a tambayi malaman fannin. Malamin da ya kasa wannan rarrabewa zai wayi gari iyaye sun cika ofishin hedimasta, ko kuma ya tsorata ya tsallake darasin gaba ɗaya, wanda shi aka fi yi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, tun da a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa? Ni a ganina wannan ƙarin dalili ne. Idan darasin kimiyya ya koma Ingilishi zalla, yaron Na'ibawa zai haddace kalmomi uku masu kama da juna ya zuba a jarrabawa, bai san suna da alaƙa da abin da ya gani a saman gidansu ba. Darasin Hausa ne ya rage inda zai ji bayanin da harshen da yake tunani da shi, ta hanyar auna fahimta da insha'i da fassara.

Kayan aiki kuwa ba su da wuya. Fitilar hannu ta zama rana, ƙwallon takarda mai zare ya zama tauraro mai wutsiya, mafici ya kaɗa zaren, yara su ga inda wutsiya ke fuskanta. A tura su kallon sama a daren 13 da 14 ga Disamba, lokacin da duniya ke ratsa ƙurar wani dutsen falaki, su ƙirga abin da suka gani su rubuta rahoto. Akwai irin wannan dare a 12 da 13 ga Agusta, amma gizagizan marka kan hana. Gaskiya hayaƙin masana'antun Sharaɗa da Challawa da fitilun titin Zariya da hazon hunturu sun rage wa yaran wannan yanki sama, don haka wanda zai je ƙauye hutu shi za a ɗora wa aikin, ya dawo ya ba aji labari.

Gargaɗi ɗaya: da zarar an ba da labarin Zagami da dala miliyan biyar, washegari tebur zai cika da baƙaƙen duwatsu. Galibinsu kashin ƙarfe ne da aka tsinto a bayan maƙera ko masana'anta. Kada a kore su. A sa mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a gwada, a duba nauyi, a nemi baƙin ɓawo mai santsi kamar an babbake. A nuna musu cewa kashin ƙarfe cike yake da ƙofofin kumfa, dutsen sama kuwa kusan kullum a cure yake. Yaron da ya kawo dutsen shi zai rubuta, da Hausa, dalilan da suka sa aji ya yarda da shi ko ya ƙi.