Jama'ar Kano, Kada Mu Bar Ƙaramar Sata Ta Zama Al'ada

Jama'ar Kano, maza da mata, manya da matasa, lokaci ya yi da za mu daina kawar da kai. Ana zare waya daga aljihu a cikin adaidaita sahu, ana yanke jaka a cunkoson kasuwa, ana kwance batirin mota a ƙofar gida, ana zare wayar wuta daga ginin da ba a kammala ba. Wanda aka yi wa sai ya ja Allah ya isa ya koma gida, don a ganinsa zirga-zirgar caji ofis ta fi abin da aka sace tsada.

Wasu na cewa a ƙyale irin wannan sata, tunda 'yan sanda ba su da yawa, kotuna sun cika da shari'u, ga masu garkuwa da mutane da 'yan fashi. Gaskiya ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma ba mai son a ƙara cusa matasa a Kurmawa da Goron Dutse.

Amma wa ke kwana ciki idan an ƙyale? Mai hali yana da katanga da mai gadi. Mai POS da aka fizge wa waya jarinsa ne ya tafi. Bazawarar da aka ɗauke wa keken ɗinki abincin 'ya'yanta aka ɗauke. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya fara da sane bai ga hukunci ba, gobe da wuƙa zai fito. Haka ƙwacen waya ya yi ta cin rayuka, har a watan Mayun 2023 majalisar tsaron jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. A Kalifoniya ta Amurka ma an gwada sassauci: a 2014 masu zaɓe sun sassauta hukuncin satar da ba ta wuce dala 950 ba, a 2024 suka dawo suka tsaurara shi a kan masu maimaita laifi.

Mafita tana cikin dokokinmu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da irinta ta Kano ta 2019, da dokar gyaran hali ta 2019, sun ba da damar biyan diyya da yi wa al'umma hidima maimakon ɗauri. Wanda ya yi na farko ba makami, a yanke masa hukunci cikin gaggawa: ya mayar da kayan mutane, ya share kasuwa ko ya yashe magudanar ruwa, a sa shi koyon sana'a. Ƙarfin 'yan sanda kuwa a tattara shi kan masu makami, da masu maimaitawa, da dillalan kayan sata, domin in ba mai saye, ɓarawo ba shi da kasuwa.

To, ga namu aikin. Ku danna *#06# yau, ku rubuta lambar wayarku ta IMEI ku adana. In an yi muku sata, ku kai rahoto komai ƙanƙantarta. Kada ku sayi wayar da ba rasit ba kwali, komai arharta. Shugabannin kasuwar Farm Centre da titin Beirut, ku wajabta rubuta sunan duk mai kawo tsohuwar waya da shaidarsa. Iyaye, ku tambayi ɗanku inda ya samo abin da ba ku saya masa ba. Masu unguwanni da limamai, ku daina zuwa roƙon a saki wanda kuka san ya addabi unguwa.

Kuma in an kama ɓarawo, kada wanda ya ɗaga sanda ko dutse. A miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa, a je kotu a ba da shaida. 'Yan majalisarmu kuma mu matsa musu su ware kuɗi don ƙarin kotunan majistare da jami'an sa ido kan masu hidimar al'umma. Mu fara yau, kowa daga unguwarsa!