Wake Ba Ya Roƙon Ure

Ya kai manomi mai karanta wannan jarida, ka saurara da kyau. Akwai wata magana da ke yawo a kasuwannin Ƙonni da Malbaza da Illela, wai taki taki ne, duk inda ka zuba ya yi. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana cinye kuɗin talakawa.

Abin da ke cikin farin taki, wato ure, shi ne azot, kashi 46 cikin 100. Hatsi da dawa da albasar Galmi suna bukatarsa, don ba su da hanyar samunsa sai daga ƙasa. Amma wake da gujiya Allah ya yi masu tasu baiwa. Ka tuge gindin wake mai kwana 40, ka dubi saiwarsa. Za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar tsabar dawa. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Su ke kamo azot daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 azot ce, ba a kuwa sayen ta.

To, me ke faruwa in ka tula ure? Wake ya samu na banza, sai ya daina ciyar da baƙinsa. Ƙulle-ƙullen su ragu, waɗanda suka fito su bar aiki. Ka biya kuɗi ka kori ma'aikacin da ke yi maka kyauta.

Wani zai ce ai ganye ya yi shar, harawa kuma kuɗi ce. Gaskiya ne ganye na ƙaruwa. Amma fure na iya jinkiri, kuma kowa ya san damanar Adar ba ta jiran kowa. Ɗan kaɗan wajen shuka a gonar da ta gaji ba laifi, kafin ƙulle-ƙulle su kama. Abin da muke ƙi shi ne watsawa da tiya.

Yunwar da ke damun jigawarmu ta fosfor ce. In babu shi, ƙulle-ƙulle ba su ƙarfi. Saboda haka ka ba wake supa ko DAP ɗan tsunkule a rami, ka haɗa da takin dabbobi, kamar yadda mutanen Badagishiri ke yi cikin tassa. Ure kuwa ka ajiye wa hatsi da albasa. Baɗi ka shuka hatsi inda wake ya tashi.

Gani ya kori ji. Bana ka ware kunya biyu, ɗaya da ure, ɗaya babu. Ka fasa ƙulle-ƙullen da farce. Mai ja a ciki yana aiki, mai fari ko kore ba ya yi. Ka nuna wa abokan karatunka, ku tambayi malamin gona.

Allah ya ba mu damana mai albarka.